Me za mu kira "connective tissue" da Hausa?

1/
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ce ta hana mu ci gaba. A zaurenmu na WhatsApp, inda masu jinyar 'ya'ya da 'yan'uwa masu cutar Marfan da ta Ehlers-Danlos muke haɗuwa, mun fi wata biyu muna son fitar da takardar wayar da kai da Hausa, amma layin farko ya gagare mu. Abin da waɗannan cututtuka ke taɓawa, wato abin da ke haɗa sassan jiki yana riƙe su, likitoci suna ce masa "connective tissue". Mu kuma me za mu ce wa iyayenmu?

2/
Ga abin da ya sa na damu. Ɗan yayata yana da shekara 14, dogo ne siriri, ƙirjinsa ya ɗan lotsa ciki, tun yana firamare yake sa tabarau mai kauri. A gabana likita ta sa ya kama wuyan hannunsa da ɗaya hannun, sai babban yatsa da ɗan ƙaramin suka haɗu har suka haye juna. Bayan hoton zuciya aka ce Marfan ce. Wanda ya fassara wa Yaya, da kyakkyawar niyya, sai ya ce mata "ciwon jijiya ne". Washegari ta sayo man zafi, aka jiƙa maganin sanyi, ana ta murza masa ƙafa. Ba laifinta ba ne, abin da kalmar ta gaya mata ke nan. Alhali wurin tsoron shi ne babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wadda ke buɗewa a hankali har ta iya tsagewa. Abin da yake bukata hoton zuciya ne duk shekara, da maganin da ke sassauta bugunta, da barin kokawa da ɗaukar kaya masu nauyi.

3/
Wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana fiɗa ya riga ya ga "connective tissue" ɗin. Farin tantanin nan da wuƙa ke bi tsakanin fata da nama, da agara, da guringuntsi, duk dangi guda ne. Zarurruka ne ƙanana: kolajin yana ba da ƙarfi, ilastin yana ba da talewa da komawa, fibrilin kuma shi ne ƙashin bayan ilastin. A Marfan fibrilin ne ke samun matsala. Likitan yara Antoine Marfan ya bayyana ta a Faransa a 1896 a jikin wata yarinya 'yar shekara biyar, amma sai a 1991 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, FBN1. Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 5,000 na da ita. Ehlers-Danlos kuwa galibi kolajin take taɓawa, gaɓoɓi su riƙa gocewa, fata ta yi laushi tana talewa, kuma a 2017 aka kasa ta gida 13.

4/
Kalmomin da muka gwada. "Jijiya" ta fita tun farko, kaya sun yi mata yawa: ta jini, ta laka, ta agara, duk ita ce. "Nama mai haɗawa" Turanci ne aka sa wa hula, kuma ƙashi ma yana cikin wannan dangin, ba wanda zai kira shi nama. "Tantani" ta yi daidai da abin da ido ke gani, amma ta bar agara da guringuntsi a waje. Wata baiwar Allah a zauren ta kawo "danƙon jiki", na so ta ƙwarai, domin 'yarta takan lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa damtsen hannu. Sai dai danƙo yana nuna talewa kaɗai, bai nuna riƙo ba.

5/
Ni na tsaya a kan "saƙar jiki". Cutar kuma "raunin saƙar jiki".

Dalilina, na gwada ta a kan Yaya. Na ɗauko tsohon gwado na Kaka, na ce ta duba: in zaren da aka yi wadari da shi bai yi ƙwari ba, ba gefe ɗaya ne zai saki ba, duk inda aka fi ja nan zai fara buɗewa. Ta yi shiru, ta ce, "Wato idon nasa da ƙirjin da zuciyar duk zare ɗaya ne?" Shekara guda muna bayani, sai ran nan ya zauna. Ita da kanta ta tambaya ko ƙannensa ma za a duba su, kuma tambayar ke nan da ta fi muhimmanci, domin mai Marfan yana da rabi da rabi na gadar wa kowane ɗa, ko da yake kusan ɗaya cikin huɗu suna samunta ba tare da uwa ko uba na da ita ba.

6/
Akwai gyaran da wani ma'aikacin jinya a cikinmu ya yi, kuma ya yi gaskiya. Cututtuka irin su lufus ma likitoci suna sa su a wannan rukuni, alhali can garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi saƙar. Don haka muka raba: "raunin saƙar jiki na gado" ga su Marfan da Ehlers-Danlos, "kumburin saƙar jiki" ga su lufus.

7/
Kafin mu kai takardar ɗab'i, ina roƙon mutanen Sakkwato da Katsina, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mana ko "saƙar jiki" tana da wata ma'ana dabam a wajenku. Wanda kuma ke da mahauci ko maɗori a gida, don Allah ya tambayar mana sunan da suke kiran farin abin nan da ke riƙe gaɓa, ya rubuto shi yadda suka faɗa.