Kambas ɗin ƙuruciya: tsohon ne naka, ko wanda aka sake fitowa da shi?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na kawo, kuma a kanta na tsaya: kambas ɗin da kamfani ya sake fitowa da shi bayan shekara ashirin ko talatin, wanda suke kira retro, ba shi ne wanda mutum ya sa da ƙuruciyarsa ba. Kama da wane ba ta wane. Duk mai kewar takalmin da aka san shi da shi yana saurayi, ya nemi na zamanin, in bai samu ba ya haƙura. Hujjata a ƙira take. Ku ajiye Air Jordan 1 na 1985 kusa da wanda aka fi sayarwa yanzu. Na farkon wuyansa ya fi tsayi, bayansa a miƙe yake tsaye, alamar gefensa ta fi girma. Su kansu Nike, masu yin sa, sun san da haka, shi ya sa a 2020 suka fito da wani daban mai suna High '85 don su kusanci ƙirar asali. Da na baya daidai suke, me ya kawo gyara?

Kabiru: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. A kan ƙira ban musa maka ba. Amma shawarar a nemi na zamanin tana da haɗari, don yawancinsu ba sa sawuwa. Sol ɗin tsakiya na Air Jordan 3, 4, 5 da Air Max na wancan lokacin robar soso ce da ake kira PU. Wannan robar tana shan danshin iska, ruwan kuma yana tsinka haɗin sinadaranta daga ciki a hankali. Zafi da laima suna ƙara wa abin sauri. Bayan shekara goma zuwa sha biyar, wani lokacin ma ƙasa da haka, za ka buɗe kwali ka ga takalmi fes, ka danna sol ɗin da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba, ka ɗago yatsan da wani gari mai danƙo. Wanda ya kai wannan matakin, taku goma ba zai yi ba, dunduniyar za ta dagargaje, jakar iskar da ke cikin sol ɗin ta faɗo. Babu gam ko mai da yake mayar da shi, robar ce ta mutu.

Hadiza: Yaya Kabiru, a raba su dai, kada a yi musu kuɗin goro. Ba kowane tsohon kambas ne yake marmashewa ba. Air Jordan 1 da Dunk da Superstar sol ɗinsu roba ce zalla da aka ɗinke ko aka manne da saman, ita bushewa take yi ta yi tauri ta yi santsi. Masu sol ɗin soson da ake kira EVA, wato yawancin na gudu marasa nauyi, kwanciya suke yi su daina laushi, amma suna nan a haɗe. Converse All Star da Vans kuma gasa robar ake yi tare da yadin, nasu ciwon shi ne tsagewar zoben roba a daidai inda yatsu suke lanƙwasawa. To mai kewar waɗannan yana iya bin shawarar Malam, mai kewar Air Max ne ba shi da mafita.

Kabiru: Haka ne, Anti Hadiza. Sai dai ko Jordan 1 na 1985 ɗin, soson da ke cikin wuyansa yakan zama gari, baƙin fentin wuyan kuma yana farfashewa ya zube.

Malam Nasiru: To ai kun ƙara mini hujja. Converse da Hajiya Hadiza ta ambata, har zuwa 2001 a Amurka ake yin All Star. Kamfanin ya durƙushe a shekarar, aikin ya koma Asiya, Nike ta saye shi a 2003. Da suka fito da Chuck 70 a 2013, me suka ce sun dawo da shi? Yadi mai kauri, zoben roba mai tsayi, ƙarin ɗinki a gefe. Kenan an rage waɗannan a na kullum. Stan Smith ma a 2021 Adidas ta sauya fatarsa zuwa ta haɗi daga kayan da aka sake sarrafawa. Suna ɗaya, takalmi daban. Wanda ya san yadda fatar gaske take yin kari a saman yatsu, ta yi laushi ta ɗauki siffar ƙafa, ba zai ruɗu ba.

Maryam: Ni inda na saɓa da kai, Malam, ba a ƙira ba ne, a tushen maganar ne. Kana magana kamar kamfani ne ya sa takalmin ya zama na mutum. Alhali guda dubu nawa aka buga iri ɗaya, launi ɗaya? Abin da ya bambanta mai shi da sauran, a hannunsa aka yi shi bayan an fito daga kanti. Superstar tun wajen 1970 yake, na 'yan ƙwallon kwando ne, amma abin da duniya ta riƙe shi ne yadda mawaƙan Amurka Run-DMC suka sa shi a tsakiyar shekarun 1980, babu igiya, harshe a turo waje, har Adidas ta ƙulla yarjejeniya da su a 1986. Masu rawar titi a New York suka ɗauki Puma Suede suka zura masa igiya mai faɗi. Masu wasan allon taya sukan goge gefen Vans ɗinsu a wuri guda har ya huje, su liƙe da gam su ci gaba, kuma da ganin inda hujin yake za ka san wace ƙafa mutum yake sawa a gaba. Wannan shi ne shaida. Tsohon takalmi da ka saya a gwanjo, ko wanda ya yi shekara talatin a kwalin wani, shekarunsa ne kawai suka yi daidai da naka. Karin da ke jikinsa na ƙafar wani ne.

Auwalu: Allah Ya saka, Maryam. In ƙara da cewa sake fitowa da takalmi ba sabon abu ba ne da za a ce ya ɓata na da. Air Force 1 ya fito a 1982, Nike ta daina yin sa a 1984, 'yan kasuwar birnin Baltimo ne suka matsa aka dawo da shi da sababbin launuka saboda matasa suna ta tambaya. Jordan kuma tun 1994 aka fara maimaita na 1 da na 2 da na 3. Saboda haka wanda ya yi samartakarsa a 2001 ko 2005, abin da yake kira na asali shi ma maimaici ne. Wane ne na gaske kenan, Malam? Jordan 3 na farko na 1988, ko wanda shi ya sa?

Malam Nasiru: Wanda shi ya sa, ɗan'uwa. Ban ce kowa ya koma 1988 ba. In wanda ka sa mai hoton Jumpman ne a dunduniya, wato mutumin nan da ya yi tsalle da ƙwallo, kamar yawancin Jordan 3 da 4 na shekarun 2000, to wanda ya fito a 2018 da rubutun Nike Air a baya, duk da ya fi kusa da na farko, ba naka ba ne. Ido yana riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa fiye da yadda muke zato. Kuma akwai hanyar ganewa: a takalman Nike, takardar da ke cikin harshe ko gefen ciki tana ɗauke da lambar samfuri, lambobi uku na ƙarshe bayan ɗan layi su ne na launi, ga kuma kwanan watan da aka yi shi. Mai neman nasa ya bi wannan lambar, kada ya bi suna.

Hadiza: Abin da ya fi damuna shi ne tsufan kanti. A 2022 an fito da Jordan 1 da ake kira Lost and Found, an farfasa fatar wuyansa da gangan, an sa sol ɗin ya yi ɗorawa-ɗorawa, har murfin kwalin an yi shi kamar ba nasa ba. A nan kam ina tare da Malam. Tsufan da ba ƙafarka ce ta yi shi ba, ado ne kawai, kuma kowa irin fashewa ɗaya ya samu.

Kabiru: Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, ga wanda nasa na da yana nan a ajiye: a canza masa sol. Saman, wanda shi ne ya ɗauki siffar ƙafar, yana nan, ƙasan ne sabo. Ana neman wani takalmin irinsa sak, lambar ƙafa ɗaya, wanda bai wuce 'yan shekaru ba, a cire nasa. Yadda ake yi: a hura wa bakin sol iska mai zafi da na'urar busar da gashi, a riƙa ɗiga asiton, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, a tsakani da sirinji ko auduga, a ɓamɓare a hankali daga dunduniya. Asiton yana cin fentin fata, yana narka kayan roba masu tauri irin ragar gefe da marfin dunduniya, don haka a rufe su da tef tukuna. Sai a kankare tsohuwar PU daga ƙasan saman har a ga yadi ko fata tsaf, a goge da takardar yashi. Nan ne aiki yake lalacewa: in an bar ko ɗan garin tsohuwar robar, sabon gam a kansa zai kama, sati biyu ya saki. A gwada haɗa su babu gam, a ja layi da fensir inda bakin sol ya tsaya. Sai gam na takalmi, irin wanda ake shafa wa fuska biyu, shafi biyu marasa kauri, kowanne a bar shi minti 15 zuwa 20 har ya daina bin yatsa. A ɗan gasa shi da zafi, a fara daidaita gaba, sannan dunduniya, sannan gefe, a matse da ƙarfi, a ɗaure a bar shi awa 24 kafin a taka. Da ya kama ba a gyarawa, shi ya sa layin fensir ɗin yake da muhimmanci.

Auwalu: Yaya Kabiru, kuma lamba ɗaya ba ta tabbatar da zai zauna ba, ko?

Kabiru: Ba ta tabbatar ba. Kamfani yakan sauya ƙafar roba da ake gina takalmin a kanta, ya sauya mazubin sol, sai ka ga sabon ya fi tsohon tsayi ko faɗi da 'yan milimita. Wani lokacin sai an sauka ko an hau rabin lamba. A auna tsawon ciki da faɗin gaba da tef ɗin awo kafin a yanka komai.

Malam Nasiru: Ka ga ni ma abin da nake faɗa kenan, ko sol ɗinsu ba ya shiga na juna.

Maryam: Amma lura, Malam, wanda Yaya Kabiru ya bayyana rabinsa sabo ne, kuma na tabbata za ka karɓe shi a matsayin na gaske. Me ya sa? Don saman ya san ƙafar mai shi. To sabon da mutum ya saya yau, ya ɗaure igiyarsa yadda ya saba tun yana ɗan shekara sha bakwai, ya bar ramuka biyu na sama a buɗe, ya sa shi da irin wandon da yake so, bayan shekara biyu shi ma ya san ƙafar. Kuma kada a manta ƙafa tana sauyawa. Da girma tafin yakan ƙara kwanciya ya yi faɗi, mutane da yawa sukan ƙara rabin lamba ko fiye, har nasu na da ya matse su.

Malam Nasiru: Zai zama nasa na yau, ban ƙi ba. Na ƙuruciya dai guda ne.

Hadiza: To ga masu ajiya, ko tsoho ko sabo. Kada a kulle shi a leda a manta, in da danshi a ciki can zai zauna yana ci. Wuri mai sanyi, busasshe, nesa da rana, laimar iska wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙullin silika mai shanye danshi ɗaya ko biyu a kwali ya isa, in ya yi yawa fata ce za ta bushe ta tsage. Mai PU a riƙa sa shi ko sau ɗaya ko biyu a wata, masu yin takalman aiki ma haka suke ba da shawara, amma jinkirta lalacewar yake yi, ba ya hana ta. Farin sol da ya koma ɗorawa kuma ana shafa masa kirim ɗin haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 12, da safar hannu, a rufe da leda mai laushi, a sa a rana.

Kabiru: Kada ya wuce awa ɗaya a kowane zagaye, Anti, kuma a lulluɓe saman da tawul. Zafin rana yana sakin gam, kirim ɗin kuma in ya taɓa fata mai gashi-gashi tabon ba ya fita. Ɗorawar za ta sake dawowa bayan 'yan watanni, kuma yawan maimaitawa yana busar da robar. Wanda sol ɗinsa na tsakiya ya riga ya fara lotsawa kuwa kada ma a kai shi rana, a fara neman wanda za a cire wa sol tukuna.