Masu zana taswirar Wesnoth, me kuka gani da aka hau taswirarku?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so waɗanda suka taɓa zana taswirar gaba da gaba a Battle for Wesnoth, wasan yaƙi na kwamfuta da ake motsa mayaƙa bi da bi a kan taswira mai gida-gida, su faɗi abin da ya faru ranar da mutane suka buga a kanta. Tawa Garwa na kwaikwaya: Binuwai ya raba fili biyu, gada ɗaya a tsakiya, fada a kowace gaɓa. A ido ta yi kyau ƙwarai. Da aka fara, kowa ya jibge mayaƙansa a bakin gada ya zauna. Sojan ƙasa na rundunar Loyalists in ya shiga ruwa marar zurfi kariyarsa kashi 20 ce kacal, to wa zai fara tsallakawa? Mai rundunar Drakes, dodanni masu fukafukai, shi kaɗai ya ji daɗi, don da yawa cikin nasa tashi suke yi, gada ba ta dame su ba.

Mai Gyaran Waya, Kusuri: Wa alaikumus salam. Yaya, ni ma gadar Ngeli ce ta ja ni, na zana Logon da Shari har inda suka haɗu. Abin da ya warware min cunkoson shi ne mashigi. Akwai shi cikin kayan zanen, gida ne da mai tafiyar ƙasa ke takawa kamar fili, mayaƙin ruwa kuma yana ɗaukarsa ruwa. Na sa ɗaya arewa da gada, ɗaya kudu, hanya ta zama uku. Mai tsaro ba ya iya toshe uku da zinari 100 na farko, dole ya zaɓi wadda zai bari.

Malamin Lissafi, Marwa: Ku yi haƙuri zan tsawaita. A wurina kogi da dutse duk ado ne, ƙauye shi ne taswira. Kowane ƙauye yana kawo zinari 2 a zagaye, yana ɗaukar nauyin mayaƙi, yana kuma mayar wa wanda ya kwana ciki lafiya 8. Saboda haka kafin in dasa itace ko ɗaya, ƙauyuka nake ajiyewa, in ƙirga gida-gida daga fada zuwa kowanne. Yawancin sojan ƙasa taki 5 suke yi, gajerun mayaƙan rundunar Knalgans 4, masu doki 8. Ƙauyen da mai doki zai kama a zagaye na biyu, gajere zai iya kai na huɗu yana hanya, kuma duk tsawon nan kuɗi na zuba aljihun abokin gaba.

Sannan akwai abin da ɗalibaina da ke zana taswira ba sa yarda da shi sai sun gani: in ka yi gefe biyu iri ɗaya sak, ba ka yi adalci ba. Mai lamba ɗaya ne ke fara motsi, shi zai riga isa tsakiya. Ni ina matso wa mai lamba biyu ƙauye ɗaya da gida guda, wani lokaci in ba shi tudu kusa da inda za a haɗu. Kamar rabon nama ne, wanda ya yanka ba shi ke fara ɗauka ba.

'Yar Gaundare: Malam, ka manta da rana da dare. Yini zagaye shida ne, Loyalists na samun ƙarin kashi 25 da rana, rundunonin Northerners da Undead kuma da dare. A tawa nisan fadojin ya sa karon farko kullum yana faɗowa bayan magariba, yayana kuwa Northerners yake ɗauka ko yaushe. Sai da na rage tsawon taswirar aka fara haɗuwa da la'asar, ya daina cika baki.

Malamin Lissafi, Marwa: Gaskiyarki ƙanwata, wannan ma ƙirge ne, na tsallake shi.

Jikan Kapsiki: Ni duwatsun Rumsiki na zuba, kusan rabin fili. Gajere a kan dutse kariyarsa kashi 70, doki kuma ba ya hawa dutse sam. Abokina mai Knalgans bai sha kaye ko sau ɗaya ba. Yanzu dutse ɗaya-ɗaya nake warwatsawa, kuma ba na manna shi da ƙauye.

Mai Gyaran Waya, Kusuri: Wani abu kuma, kada ku gwada da kwamfuta kaɗai, tana afkawa inda mutum mai hankali ba zai shiga ba. Mu a shago mutum biyu ke zama gaban na'ura ɗaya, a kunna hazon da ke ɓoye mayaƙan abokin gaba, kowa ya kau da kai in ɗan'uwansa na motsi. In an gama a musanya gefe, a sake da rundunonin nan dai. Fayil ɗin taswirar rubutu ne zalla, ba ya cin data, ta WhatsApp muke tura wa na Njamena su ma su gwada. Ku riƙa ajiyewa akai-akai, wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Ɗan Garwa: Na gode. Malam, zan turo maka tawa bayan isha'i ka ƙirga min ƙauyukan gaɓar kudu, ina zargin biyu sun yi nisa.