Ɗumama jiki ga ɗan wasan da idon sawunsa ke yawan turguɗewa

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan wasa ne ya taɓa targaɗe a idon sawu, kumburi ya sace, ciwo ya tafi, amma ƙafar na yawan turguɗewa ko a fili mai kyau. Wane irin ɗumama jiki ya dace da shi kafin atisaye? Zagaye fili da miƙa tsoka sun isa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ba su isa ba, Malam. Yawancin targaɗe na faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyoyin gefen waje su ja ko su yage. Bayan sun warke, ƙafar kan rage saurin sanar da ƙwaƙwalwa yadda take zaune, tsokokin gefen ƙwauri kuma su makara wajen riƙe ta. Waɗannan ake son tayarwa, kuma minti 15 ya wadatar.

Ya fara da sassarfa ta minti 5. Sai ya fuskanci bango, ya tura gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, sau 10 kowace ƙafa. Idan babban yatsa na nesa da bango da kimanin santimita 10 kuma gwiwa ta kai, gaɓar na lanƙwasuwa yadda ya kamata. Idan ba ta kai ba, taurin nan na iya sa ƙafa kaucewa gefe wajen dira. Daga nan ya saƙala roba mai miƙuwa a ƙafa ya tura waje sau 15, ya ɗaga dunduniya sau 15. Sannan tsayuwa kan ƙafa ɗaya, daƙiƙa 30 sau 3, ɗayar na miƙawa gaba, gefe da baya. A ƙarshe ƙananan tsalle gefe da gefe, duk dira ya tsaya cak na daƙiƙa 2.

Amsa ta biyu:
Na yarda, amma a dirar nan ake ɓata aiki. Gwiwa ta bi saitin yatsa na biyu, kada ta faɗa ciki, kuma a dira shiru. Wanda ake jin ƙarar dirarsa, da gaɓa a sandare yake sauka. Idan tsayuwar ta yi sauƙi, ya rufe ido ko a riƙa jefa masa ƙwallo. A yi wa ƙafafun biyu, ba mai matsalar kaɗai ba. Kuma don Allah kada a gajiyar da tsokar tun kafin wasa, gajiyayyar tsoka ita ce ke sakin ƙafa. Miƙa tsoka a tsaye har sama da minti ɗaya a bar shi sai an tashi.

Mai tambaya:
Na gode. To ɗaurin bandeji fa?

Amsa ta uku:
Maɗaurin idon sawu mai igiya ko filasta ta wasanni suna rage maimaituwar targaɗe, sai dai filasta kan saki idan gumi ya jiƙa ta, bandeji mai laushi kuwa ba ya riƙe gaɓa. Ɗumama jiki ba ya maye gurbin jinya, ana buƙatar atisayen daidaita tsayuwa sau 3 a mako na aƙalla makonni 6. Idan ƙashi na ciwo da an danna, ko gaɓar na maƙalewa, ko kumburi na dawowa bayan kowane wasa, a dakata a ga likita tukuna.