Mai haƙuri yakan dafa dutse, to romon wa ke sha?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Jiya a huɗuba liman ya jawo "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa" yana magana kan tsadar rayuwa, ana sallamewa wani dattijo ya tare shi wai malam ba nan ake sa ta ba, ita ta zaman aure ce da neman ilimi. Har aka ɗan yi sa-in-sa. Wa ke da gaskiya?

Maman Hanifa: Wa alaikumussalam. Dattijon bai yi ƙarya ba, mu a kunnen amarya muka fi jinta ranar kai ta ɗaki. Ango kuwa ba mai ce masa ko ruwan zafi ya dafa.

Na Gwammaja: Da wane gas za a dafa dutsen don Allah? Tun cire tallafin mai a 2023 wake ma sai da kanwa yake nuna a gidanmu

Ɗan Damagaram: ita kanwar ba dutse ba ce? ai ka sha romon ke nan baka sani ba hhh

Gwaggo Asabe: Ku yara komai wasa. Kakata Allah ya jiƙanta, shekarar farin 1973 a ƙauyenmu ta wajen Daura rumbu ya ƙare, maigida ya tafi cin rani shiru ba aike, to duk yamma sai ta hura wuta ta ɗora tukunya da ruwa da 'yan duwatsu a ciki don maƙwabta su ga hayaƙi su ji ƙarar tafasa kar a ce gidan wane ba a girki, yara kuma ta ba su ganyen tafasa da ɗan ƙuli su kwanta. Wata rana facalarta ta shigo ɗibar wuta ta ɗaga murfi, ba ta ce uffan ba ta fita, da asuba sai ga ƙwaryar gero a bakin ɗaki. Har suka rasu ba wadda ta tayar da zancen. In aka yi karin maganar nan gabanta dariya take, ta ce dutse dai bai taɓa nuna ba.

Malam Ƙarami: Gwaggo Allah ya jiƙanta, amma wannan ya yi kama da ƙissar Sayyidina Umar da matar da ya tarar cikin dare tana lallashin 'ya'yanta da tukunya.

Gwaggo Asabe: To ɗan nan yunwa ai ba a Madina kaɗai ta sauka ba.

Maman Hanifa: Ni a nan rufin asiri na gani ba haƙuri ba, kuma facalar ce ma abin yabo.

Na Gwammaja: Sayyidina Umar da kansa ya saɓo buhun gari ya kai. Namu kuwa sai a rediyo, "a ƙara haƙuri", mu da dutse su da romo, lokacin zaɓe a zo da taliya.

Ɗan Damagaram: su ai an dafa su tun suna yara irin na 'yan tauri, zagi baya kama su

Baban Ilham: Jama'a tambayata fa, liman ko dattijon?

Maman Hanifa: Gwaggo tsaya, shi kakan naku ya dawo daga cin ranin kuwa?