Don Allah yaya ake cewa "ina jin yunwa" da Sifaniyanci?

Salam 'yan uwa, wata biyu kenan da na zo Balensiya a ƙasar Sifaniya wajen maigidana, shi yana fita aiki tun safe, ni kuma ba ni da wajen zuwa sai gidan maƙwabciyarmu wata tsohuwa mai kirki wallahi. Jiya wajen ƙarfe 2 lokacin da suke cin na rana ta tambaye ni wani abu tana nuna tukunya, na ce mata "estoy hambre" sai ta tsaya tana kallona, abin ya dame ni sosai. Kuma ina so in iya ce mata ruwa kawai nake so ba tare da ta ga kamar na raina girkinta ba. A taimaka min.

Wani ɗan uwa daga Damagaram:
Wa alaikis salam 'yar uwa. Su a wajensu yunwa mallakarta ake yi, tengo hambre, wato ina da yunwa, ƙishirwa kuma tengo sed. Mu da muka yi Faransanci bai ba mu wuya ba don j'ai faim ma haka yake. H ɗin ba a furta ta, "ambre" za ki ce. In ta yi tsanani ki ce mucha hambre, kar ki sa muy.

Wata Hajiya daga Madrid:
Ƙanwata ki kula da wasalin nan fa, hambre da a ne, in kika ce hombre to namiji kika ambata. Quiero agua daidai ne amma tunda babba ce ki ce quisiera un vaso de agua, por favor, ya fi ladabi. Abin da rai ke marmari kuma me apetece suke cewa a nan, in ba kya so no me apetece, gracias. Sai abin da ya fi muhimmanci, ki haddace no como cerdo, ba na cin alade, don ko lentejas ɗinsu da za ki gani kamar faten wake sau da yawa akwai chorizo, wato tsiran naman alade, a ciki, ki faɗa mata tun yanzu ba za ta ji haushi ba.

Wani ɗalibi:
Ki ƙara da tengo ganas de, wato ina sha'awar yin abu, sai ki sa aikatau, tengo ganas de comer, ina sha'awar cin abinci. Barci da sanyi ma haka, tengo sueño, tengo frío.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na rubuta su duka a takarda na manna a firij. Gobe in sha Allah zan dama kunun gyaɗa in kai mata. Hajiya in zan tambaye ta ko tana so, te apetece zan ce mata ko?

Hajiya:
Eh shi ne, ki ɗan ɗaga murya a ƙarshe don ta gane tambaya ce.