Hutun shekara da albashi: abin da aka tattauna a taƙaice

Na bi wata muhawara da aka yi kan haƙƙin ma'aikaci na hutun shekara da albashi har ƙarshe, ga abin da ya fito:

1. An yarda cewa inda doka ta tanadi hutun shekara da albashinsa, haƙƙi ne, ba alfarmar mai kamfani ba. Kwanakin ne suka bambanta. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, ta ce aƙalla mako uku, ga ƙasashen da suka amince da ita. Tarayyar Turai mako huɗu. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta ko kwana ɗaya ba.

2. A karanta takardar ɗaukar aiki kafin a sa hannu.

3. A nemi hutu a rubuce, a ajiye takardar albashi da saƙon banki. "Oga ya ce in tafi" ba hujja ba ce ranar rigima.

4. Ba a zaftare albashi sai da dalilin da doka ko yarjejeniya ta amince da shi.

Inda aka rabu shi ne karɓar kuɗi maimakon hutu. Wasu suka ce buƙata ta fi hutu. Wasu suka ce jiki ba ƙarfe ba ne (ni ma nan na karkata), kuma dokar Tarayyar Turai ta hana wannan musayar sai lokacin barin aiki.