Wa ya taɓa kai ƙaramin yaro Gurara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Abban Ilham ya samu hutu, yana so mu leƙa Gurara, wurin nan da ruwan kogi ke zubowa daga kan dutse a Jihar Neja, ranar Asabar, daga nan Kubwa, mu je mu dawo a yini. Ilham shekararta huɗu. Za ta iya takawa har bakin ruwan ko sai an goya ta?

Ɗan Suleja: Wa alaikumus salam Anti. Hanyar Suleja zuwa Minna za ku bi, a wajen Bonu ku karkata. Daga inda ake ajiye mota zuwa wurin kallo na sama ba nisa, za ta taka abinta.

Hajiya Babba: A Satumban nan? Maman Ilham ki saurare ni. Mu bara muka je, cikin Agusta, da jikana wanda ya ɗan girmi taki. Daga sama abin gwanin sha'awa, ruwa na zubowa daga tsayin kusan mita 30, ya cika faɗin dutsen gaba ɗaya, ja wur da laka, ƙararsa ko maganar na kusa da ke ba kya ji. Da a nan muka tsaya da lafiya lau. Sai wani saurayi ya liƙe mana, wai shi ɗan jagora ne, wai hoto ya fi kyau a ƙasa, minti biyar ne kawai. Ina minti biyar! Gangara ce tsakanin duwatsu, feshin ruwa ya jiƙe ko'ina, gansakuka ta kwanta a kai, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Yaron silifas ne a ƙafarsa. Ya zame, ya fasa gwiwa, silifas ɗaya ya bi ruwa muna kallo. Uwarsa ta saɓa shi a kafaɗa, ga jakar abinci, ga doguwar riga tana harɗe mata ƙafa, hawan dawowa sai da muka riƙa zama muna haki. Shi kuwa jagoran namu yana can gaba yana latsa waya, da muka iso sama ya miƙo hannu. In dai da yaro ne, ki bari sai Disamba ko Janairu, ruwa ya ja baya, duwatsu sun bushe, har rairayi za ki samu ku shimfiɗa tabarma.

Ɗan Suleja: Hajiya da rani kuma me za a kalla? Ruwan ya rage sosai.

Hajiya Babba: A kalli wanda ya rage a dawo gida da ƙafa biyu.

Bajasa: Ku zo magangarar ruwa ta Assop kawai, a Hawan Kibo, gefen titin Akwanga zuwa Jos. Ga sanyi ga inuwa.

Kawu Na Kafanchan: Kullum ku mutanen Jos sai kun cusa Jos. Matsirga tana nan kusa da mu, wa ya ji mun yi talla?

Bajasa: To yanzu me ka yi, Kawu?

Anti Nas: Ni nawa ɗaya ne. Ko da rani kuka je, kar ki bar ta ta yi wasa a ƙananan kududdufan da ke kwance gefen kogi. Irin ruwan nan mara gudu shi katantanwa ke so, ita ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Sai an daɗe da mantawa da yawon a ga jini a fitsarin yaro. Ki tafi da ruwan shanku, da filasta, da kayan canji.

Maman Ilham: Subhanallah, ban san ta fata take shiga ba. Na gode Anti.

Baban Yara: Kuma ko rana ake ƙwallawa a inda kuke, in an yi ruwan sama can sama kogin zai iya cikowa farat ɗaya. Kar Abban Ilham ya tsallaka dutsen tsakiya don hoto. Ku fita bayan asuba, kafin la'asar kun kamo hanya.

Sabon Ango: Farin Ruwa fa, ta Wamba? An ce mita 150 ce.

Hajiya Babba: Kai da amaryarka ku je. Hanyar can ga nisa ga tafiyar ƙafa, da 'yar shekara huɗu?

Sabon Ango: Tuba nake Hajiya.

Ɗan Suleja: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ku je yanzu, ku tsaya a sama, a sa mata kambas, hannunta cikin na babanta. Ba wanda ya ce dole a sauka.

Hajiya Babba: Yaro ya hango ruwa ka ce masa ba dole a sauka? Allah ya ba ka naka ka gani.

Maman Biyu: Maman Ilham in za ku je ki yi dambun nama da zoɓo, shinkafa wahala ce a wurin. Af, kulata mai ruwan toka tana hannun wa tun bikin Sabon Ango?

Sabon Ango: Wallahi ba ta wajena.

Kawu Na Kafanchan: Ku tambayi Bajasa, ƙila ta hau Hawan Kibo.